Yadda ake rubuta cinikin siga a sabar raba fayil ta SMB

Kawuna yana da shagon buga takardu a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar jami'a. Lokacin furojet idan ya kama, ɗalibai sai ka ce kasuwa ce ke ci: wannan na son a gyara masa babi na uku, waccan na son kwafi huɗu kafin la'asar, filasha kuwa tana ta zagayawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta ɗauke da bairos. A nan na gwada ƙaramar sabar raba fayil da na rubuta da Python, mai magana da SMB, wato ƙa'idar da kwamfutocin Windows ke raba fayil da ita, domin kwamfutoci biyar na shagon su riƙa ganin folda ɗaya. Idan raba fayil kawai kake so, kada ka wahalar da kanka, saka Samba, shiryayyiyar sabar SMB, ka huta. Tun 1992 Andrew Tridgell ya fitar da ita, kuma ta ga jiya ta ga yau. Wannan bayani na mai rubuta tasa sabar ne, ko ɗalibin da ya zaɓi abin a matsayin furojet, ko mai son sanin abin da ke wakana a kan waya kafin fayil ɗaya ya motsa.

Abin da ke wakana ciniki ne. Kwamfutar da ta zo neman fayil, wadda zan riƙa kira baƙo, tana jera sigogin SMB da take ji, saba ta zaɓi ɗaya, daga nan duk maganar da za a yi a kan wannan layi da sigar nan za a yi ta. Takardar Microsoft mai suna MS-SMB2 tana kiran sigogin da sunan karin harshe, kuma sunan ya dace. Basakkwace zai ce wanga, Bakano ya ce wannan, Hausa ce duka, amma sai an san da wadda za a yi ciniki. Ga kare-karen da lambobinsu: 0x0202 ta zo da Windows Vista, 0x0210 da Windows 7, 0x0300 da Windows 8, 0x0302 da Windows 8.1, sai 0x0311 da Windows 10. A ƙarƙashinsu duka akwai tsohuwa, SMB1, wadda Windows XP bai san wata ba bayanta.

Mataki na farko: rubuta abin da sabarka ta iya, ba abin da kake fatan ta iya ba

Tun kafin ka taɓa soket, wato bakin layin da shirinka ke karɓar saƙo ta cikinsa, ajiye jerin kare-karen sabarka a wuri ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, kuma ka tsai da farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba.

    NAMU = [0x0210, 0x0202]

Biyu kacal na sa, da gangan. Ranar farko a shagon na cika jerin har da 0x0311, don ina ganin ai lamba ce kawai, sauran aikin zan ƙarasa daga baya. Da na kunna, tsohuwar Windows 7 da ke lungu kusa da fanka ta shiga sumul, sababbin huɗu masu Windows 10 kuwa kowacce ta ƙi. Yaron shagon ya leƙo ya ce, "Yaya, anya ba juyawa ka yi ba? Tsohuwar ce ke aiki." Ba juyawa na yi ba. Windows 7 iyakarta 0x0210, kuma wannan na riga na rubuta ta. Windows 10 ta kawo 0x0311, sabata ta ce na sallama, alhali ba ta aiko da ƙarin bayanan da sigar ke buƙata ba, sai baƙo ya katse layi. Mai talla ba ya kiran abin da babu a farantinsa. Fara da biyun nan, ka ƙara na sama ɗaya bayan ɗaya idan ka gama rubuta kowanne.

Mataki na biyu: karɓi saƙon cikakke

SMB tana sauraro a ƙofa ta 445 ta TCP. Kowane saƙo yana zuwa da bayit huɗu a gabansa: na farko sifili ne, ukun da suka biyo baya tsawon saƙon ne, babban bayit a gaba. TCP ba ta yi maka alkawarin kawo saƙo a dunƙule ba, tana iya kawo shi gutsi-gutsi, musamman a kan wayales mai rauni, don haka kira ɗaya na recv bai isa ba.

    def karanta_daidai(sock, n):
        tara = b""
        while len(tara) < n:
            guntu = sock.recv(n - len(tara))
            if not guntu:
                raise ConnectionError
            tara += guntu
        return tara

    goshi = karanta_daidai(sock, 4)
    tsawo = int.from_bytes(goshi[1:], "big")

Sa wa tsawon iyaka kafin ka karanta. Saƙon ciniki ƙarami ne, 'yan ɗaruruwan bayit. Wanda ya ce maka nasa ya kai miliyan goma tun bai gabatar da kansa ba, rufe layin. Ka sa masa lokaci kuma, kamar daƙiƙa talatin, don kada wani ya buɗe layi ya yi shiru ya riƙe maka wuri. Abu ɗaya da ke rikita masu farawa: wannan tsawon ne kaɗai babban bayit ke gaba. Duk lambobin da ke cikin saƙon SMB kansa ƙaramin bayit ne a gaba, shi ya sa za ka ga alamar "<" a duk struct ɗin da ke tafe.

Mataki na uku: duba da wane baki aka yi sallama

Bayit huɗu na farkon saƙon su ne ke gaya maka. Idan 0xFE ne sai haruffan SMB, baƙon ya zo da SMB2 kai tsaye, sai ka wuce mataki na biyar. Idan 0xFF ne sai SMB, da tsohuwar ya yi sallama. Duk wani abu daban a wannan gaɓa, rufe layi ba tare da amsa ba.

Mataki na huɗu: baƙon da ya yi sallama da SMB1

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, don hankali zai ba ka cewa tunda ba ka yin SMB1, duk wanda ya zo da 0xFF ka kore shi. Idan ka yi haka za ka kori baƙin kirki. Baƙi da yawa, har da Windows 7, ba su san shekarun sabar da za su tarar ba, sai su yi sallama da tsohon baki wanda kowa ke ji, amma a cikin jerin da suka kawo su saka sunayen sababbin. Kamar mutum ne ya shigo shago ya yi gaisuwar da kowa ya sani, yana jiran ya ji da wane harshe za a amsa.

Kan saƙon SMB1 bayit 32 ne, lambar umarnin ciniki 0x72 tana a bayit na biyar. Bayan kan akwai bayit ɗaya mai sifili, sai bayit biyu na tsawon abin da ya rage, sai jerin sunaye. Sunaye ne na rubutu, ba lambobi ba, kowanne yana farawa da 0x02 ya ƙare da sifili.

    tsawo = struct.unpack_from("<H", sako, 33)[0]
    jiki = sako[35:35 + tsawo]
    sunaye = [s[1:] for s in jiki.split(b"\0") if s[:1] == b"\x02"]

Hanya uku ce a gabanka. Idan akwai "SMB 2.???" a jerin, kuma sabarka ta iya 0x0210 ko sama, amsa da saƙon SMB2 wanda a gurbin siga aka rubuta 0x02FF. Alamomin tambayar nan uku haka suke a zahiri, ba kuskuren bugu ba ne. Lambar 0x02FF ba siga ba ce. Ma'anarta, na ji ka, ina jin sabon baki, sake kawo jerinka da SMB2. Baƙo zai sake aiko da ciniki na biyu a kan layin nan, kuma dole sabarka ta kasance tana jiransa. Idan babu wannan amma akwai "SMB 2.002", amsa da saƙon SMB2 mai 0x0202, ciniki ya faɗa ke nan, ba zagaye na biyu. A duka biyun lambar saƙon amsar sifili ce. Idan kuwa babu ko ɗaya, sai irin su "NT LM 0.12", baƙon SMB1 kaɗai ya iya, sai ka ce masa albarka.

Albarkar ma da yadda ake yinta. Kana iya rufe layi kawai, amma na fi son a ba shi amsa da bakinsa: kwafi kan saƙonsa na bayit 32, ka kunna 0x80 a bayit na goma don nuna amsa ce, ka sa adadin kalma ɗaya, lambar zaɓi 0xFFFF, sai tsawo sifili. A SMB1, 0xFFFF na nufin ba ko ɗaya daga cikin naka da na ɗauka. Na'urar da ta ji wannan takan nuna kuskure ta haƙura, wadda aka katse mata layi kuwa tana iya ta sake bugawa har rajistarka ta cika.

Mataki na biyar: karanta jerin SMB2, kada ka yarda da ƙidayar baƙo

Kan saƙon SMB2 bayit 64 ne. Lambar umarni tana a wuri na 12, idan aka fara ƙirga wuri daga sifili kamar yadda za mu yi daga nan, kuma ta ciniki sifili ce. Lambar saƙo tana a wuri na 24, bayit takwas, ka ajiye ta don da ita za ka amsa. Jikin saƙon yana farawa a 64: girman tsari wanda dole ya zama 36, adadin kare-kare, yanayin tsaro, ikon baƙo, lambar shaidarsa mai bayit 16, sannan jerin kansa ya fara a wuri na 100, kowace siga bayit biyu.

    girma, adadi = struct.unpack_from("<HH", sako, 64)
    if girma != 36 or adadi == 0 or 100 + 2 * adadi > len(sako):
        return kuskure(sako, 0xC000000D)
    nasa = struct.unpack_from("<%dH" % adadi, sako, 100)
    zabi = next((k for k in NAMU if k in nasa), None)
    if zabi is None:
        return kuskure(sako, 0xC00000BB)

Layi na biyu ya fi kowane layi a shirin nan daraja. A wannan lokaci ba a tambayi kowa suna ko kalmar sirri ba, duk wanda ya hau wayales ɗin shago yana iya aiko da abin da ya ga dama. Zai iya cewa ya kawo siga dubu sittin alhali biyu ne a ciki. A Python shirin zai faɗi ne kawai. A C kuwa zai karanta abin da ba nasa ba a ƙwaƙwalwar na'ura. Idan mai kawo buhu ya ce tiya arba'in ce, ai sai an auna. Lambar 0xC000000D ita ce STATUS_INVALID_PARAMETER, 0xC00000BB kuma STATUS_NOT_SUPPORTED, wadda ake bayarwa idan ba siga ɗaya da kuka yi tarayya a kai.

Lura da yadda aka yi zaɓin. Jerinmu muke bi daga sama, muna neman na farko da baƙo ma yake da shi. Ba mu ɗauki na ƙarshen jerinsa ba, don ba dole ne ya jera su a tsari ba. Ba mu ɗauki mafi girman lambarsa muka rage ta zuwa tamu ba, don baƙo na iya tsallake wata siga a tsakiya. Kuma lambar da ba mu sani ba, ba ma ɗaga hankali a kanta, wucewa muke yi. Gobe idan aka fito da sabuwar siga, sabarka za ta ci gaba da aiki ba tare da ka taɓa ta ba. Ba kowace ƙa'ida ke yin haka ba. A SFTP, wata ƙa'idar aika fayil, lamba ɗaya baƙo ke faɗa, a tsaya a kan ƙarama tsakanin tasa da ta saba, OpenSSH kuma, fitacciyar manhajar da ke yin SFTP, ta daɗe a kan siga ta 3. Idan wata rana za ka ƙirƙiri ƙa'idarka, jeri ya fi, don yana ba ka damar cire siga mai matsala daga tsakiya.

Mataki na shida: haɗa amsa

Kan amsar shi ma bayit 64 ne: lambar saƙon baƙo, tuta mai lamba 1 da ke nuna daga saba ya fito, da kiredit aƙalla ɗaya a wuri na 14. Kiredit shi ne izinin aiko da saƙo na gaba. Ka bar shi sifili, baƙo zai tsaya cik yana jira, kai kuma ka yi ta neman matsala inda babu ita.

A jikin amsar girman tsari 65 ne, ko da yake tsayayyen ɓangaren bayit 64 ne. Haka aka tsara, kada ka gyara musu. Sai yanayin tsaro, sigar da ka zaɓa, lambar shaidar saba, ikon saba, iyakar girman ma'amala da karatu da rubutu, lokaci, da wurin da bayanin tantancewa yake, wato 128. Lambar shaidar saba ka ƙirƙire ta sau ɗaya, ba sabuwa ga kowane baƙo ba. Ikon da kake shelantawa kuma ya bi sigar da aka zaɓa: a 0x0202 tsaya a 65536 don karatu da rubutu, manyan saƙonni sai daga 0x0210, kulle bayanai sai daga 0x0300. Dokar mataki na farko tana nan: abin da ba ka rubuta ba, bar tutarsa a kashe. Bayanin tantancewa kana iya barinsa fanko tukuna, baƙo zai fara da kansa.

Lokaci yana da nasa salo. Ana ƙirga shi ne da kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa, tun daga 1 ga Janairu 1601.

    yanzu = int((time.time() + 11644473600) * 10000000)

Idan a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi marar batirin agogo kake gwaji, kamar yadda na yi, duba agogonta duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita kafin ka zargi shirinka.

Mataki na bakwai: rufe ciniki, ka kuma ajiye shaida

Da zarar an tsai da siga, rubuta ta a bayanan wannan layi, ba a wani wuri na bai ɗaya ba, don baƙi biyar na iya kasancewa a kan sigogi daban-daban a lokaci guda. Layi yana da hali uku: sabo, mai jiran zagaye na biyu bayan 0x02FF, da wanda cinikinsa ya faɗa. Duk wanda ya aiko da wani umarni kafin ciniki, rufe. Wanda ya sake kawo ciniki bayan an sallama, shi ma rufe.

Ajiye jerin da baƙo ya kawo, da lambar shaidarsa, da ikonsa, da yanayin tsaronsa. Dalili shi ne saƙon ciniki a fili yake tafiya, ba sa hannu. Wani da ya shiga tsakani zai iya goge manyan sigogi daga jerin, ku biyu ku sauka kan mai rauni kowa na zaton iyakar ɗan'uwansa ke nan. Maganin da aka kawo a 0x0300 shi ne, bayan an tantance mai shiga an kuma haɗa da folda, baƙo ya sake aiko da abin da ya faɗa da farko ta FSCTL_VALIDATE_NEGOTIATE_INFO, wannan karon da sa hannu. Ka gwada da abin da ka ajiye. Idan sun saɓa, katse layin nan take, idan sun dace, amsarka ma ta tafi da sa hannu.

A 0x0311 an canza dabara, kuma ita ce ta kayar da ni ranar farko. Baƙo yana liƙa ƙarin bayanai a bayan jerin, wurin farawarsu da adadinsu suna cikin bayit takwas ɗin da ke gab da jerin, kowanne kuma yana da lambarsa, yana farawa a wurin da takwas ke rabawa. Na lamba 1 dole ne ya zo, sau ɗaya tak, yana ɗauke da SHA-512, hanyar lissafa hatimi, da gishirin baƙo, wato wasu bayit na bazata, kai ma dole ka mayar da naka da gishirinka na bazata. Na lamba 2 jerin hanyoyin kulle bayanai ne, irin su AES-128-CCM da AES-128-GCM, ka zaɓi ɗaya, ko ka mayar da sifili idan ba ku dace ba. Wanda ba ka gane lambarsa ba, tsallake shi da tsawonsa, bayan ka auna tsawon. Sannan ka fara sarƙar hatimi daga bayit 64 na sifili:

    hatimi = hashlib.sha512(hatimi + sako).digest()

Sau ɗaya da buƙatar baƙo, sau ɗaya da amsarka, daga kan SMB2 zuwa ƙarshe, ban da bayit huɗun tsawo, ban da sallamar SMB1. Sarƙar za ta ci gaba a lokacin tantancewa, kuma daga ita ake fitar da makullan sa hannu. Wanda ya taɓa ko bayit ɗaya a hanya, makullan ba za su dace ba. Ka lissafa hatimin a kan ainihin bayit ɗin da ka tura, bayan ka gama cike gurabe, ba kafin ba.

Mataki na takwas: gwaji

Kashe smbd, sabar Samba, idan tana aiki a na'urar, ka kunna sabarka da sudo don 445 tana ƙasa da 1024. Daga wata kwamfuta mai Linux, bi sigogin ɗaya bayan ɗaya:

    smbclient -L //192.168.1.10 -N -m SMB2_02
    smbclient -L //192.168.1.10 -N -m SMB3_11
    smbclient -L //192.168.1.10 -N -m NT1 --option='client min protocol=NT1'
    nmap -p445 --script smb-protocols 192.168.1.10

Na ukun, mai NT1 wato SMB1, dole ya faɗi, kuma faɗuwa mai bayani. Na huɗun zai lissafa abin da sabarka ke amsawa, ya kamata ya zama daidai da NAMU, ba ƙari. Buɗe Wireshark, manhajar leƙa saƙonnin da ke bin waya, da matatar smb2.cmd == 0 ka ga kowane gurbi da sunansa; duk inda ta ce saƙo ya lalace, yawanci lissafin wuri ne ya goce. Sai ka rubuta ɗan shiri mai aiko da shara: saƙo rabi, adadi na ƙarya, ciniki sau biyu, jeri da lambar da babu ita. Kowane ciniki kuma ya bar layi ɗaya a rajista: adireshin baƙo, abin da ya kawo, abin da aka zaɓa ko dalilin ƙi.

Rajistar nan ce ta warware mana rigimar fotokwafi. Akwai babbar na'ura ta gwanjo a shagon wadda ke iya sikanin ta jefa cikin folda, amma ta ƙi sabata, sai ƙara take yi tana nuna lambar kuskure. A rajista layi ɗaya ne ke maimaituwa: adireshinta, "NT LM 0.12", an ƙi. Kawu ya ce, "Injiniya, ka buɗe mata mana, na'urar nan ta fi duk kwamfutocin nan kawo kuɗi." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, wannan ƙofar ba ta buɗuwa ga mutum ɗaya." Na ba shi labarin bairos ɗin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya bi ta wata ɓaraka a SMB1 ta Windows ya kulle fayilolin mutane har da asibitocin Ingila. Gaskiya ɓarakar ta Windows ce, ba ta shafi shirina ba, amma SMB1 ba ta da kariyar da na bayyana a mataki na bakwai, rubuta ta kuma aiki ne na biyu cur. Samba kanta tun siga ta 4.11 a 2019 take zuwa da ita a kashe. Da muka shiga saitin na'urar sai ga zaɓin aikawa ta FTP, wata tsohuwar hanyar aika fayil. Na buɗe mata FTP a kan Pi ɗin, mai karɓa daga adireshinta kaɗai, yana zuba sikanin a wata folda da sabar ke rabawa. Kawu ya sa takardar wani ɗalibi ya danna, ya juya ya ga ta bayyana a kwamfutar lungu, ya ce wa yaron shago ya kira na gaba.